Neman kalma: biyayya ta riga mu, ko za mu ɗauki karɓayya?

Jama'a, assalamu alaikum. Taimako nake nema wurin masu Hausa a baka, musamman 'yan kasuwa da ma'aikatan banki da malaman harshe. Kalma guda ce ta tsaya mini a wuya tun shekaranjiya, ta hana ni miƙa aikin fassarar da aka ba ni. Baturen Ingila yana ce mata interoperability, na Faransa kuma interopérabilité. Ko furta ta ma sai mutum ya ja numfashi.

Ga inda muka gamu da ita. Babban bankin ƙasashen yammacin Afirka masu kashe sefa, wato BCEAO da ke Dakar, ya ƙaddamar da wani dandalin biyan kuɗi mai suna PI-SPI a ƙarshen watan Satumban 2025. Manufar ita ce mai asusu a banki, da mai kuɗi a waya, da mai ajiya a bankin masu ƙaramin ƙarfi, su riƙa tura wa juna kuɗi nan take, dare da rana, ba sai an tambayi wane kamfani kake ba. Ƙasashe takwas abin ya shafa: Nijar, Benin, Burkina Faso, Kodebuwa, Gini Bisau, Mali, Senegal da Togo. Kalmar nan kuwa ita ce ƙashin bayan labarin, har a cikin sunan dandalin tana nan. Ba ta tsallakuwa.

Kafin kowa ya kawo shawara, bari in nuna abin da kalmar take nufi da idon wanda abin ya taɓa. Kawuna albasa yake lodi daga Galmi zuwa Abidjan. Wata shekara dillalinsa ya sayar da kaya, masu saye da yawa suka biya shi ta waya, kuɗi suka taru a asusun wani kamfani. Kawu kuma layinsa na wani kamfanin ne daban. Sefa ce a can, sefa ce a nan. Takardar jika goma da za a ba ka a Abidjan, ka kawo ta kasuwar Maraɗi, mai shinkafa zai karɓa bai ko ɗaga kai ba. Amma da yake kuɗin a waya suke, sai da dillali ya je ya cire su, aka yanki lada. Ya ɗauke su a leda ya kai wani ofishin aika kuɗi, aka sake yankar lada. Ya bugo ya karanto lambar sirri, kawu ya rubuta a bayan kwalin sigari, ya aiki yaronsa da katin shaida ya je ya bi layi. Yaron ya isa gaban taga bayan la'asar aka ce kuɗin da ke akwati sun ƙare, sai gobe. Direbobi kuwa suna tsaye suna jiran kuɗin mai.

Abin da kawu ya rasa ranar nan shi nake nema wa suna.

Da farko na rubuta "haɗin gwiwa", na kusa aikawa. Sai na sake karantawa na ga ha'inci zan yi wa mai karatu. Kamfanonin nan ba gwiwa suka haɗa ba, kishiyoyi ne, kowa yana farautar abokan cinikin ɗan uwansa. Abin da aka tilasta musu kawai shi ne idan kuɗi suka taso daga gidan kishiya, a buɗe ƙofa. Kuma haɗin gwiwa ta gaji, mun ɗora mata kaya har ta rame: gwamnati da ƙungiya haɗin gwiwa, sojoji da 'yan sanda haɗin gwiwa, mawaƙa biyu haɗin gwiwa.

To ga fili ga mai doki.

Na dawo, amsoshi sun fi yadda na zata. Na gode ƙwarai. Wasu zan wuce su da sauri, kada a ji haushi.

Masu cewa "haɗaka" ko "gamayya": waɗannan na masu narkewa ne su zama abu guda, kamar jam'iyyun da suka rushe kansu suka ɗauki tuta ɗaya. A nan kowane banki yana nan da sunansa da ribarsa. Wanda ya ce "cuɗe-ni-in-cuɗe-ka" ya ba ni dariya, kuma ya kusa, sai dai ka saka wannan a takardar dokar babban banki ka ga yadda za a kalle ka. Tana ƙamshin a-rufa-wa-juna-asiri.

Wani ƙanena daga Kano ya rubuto: "Yaya, me ya sa kuke wahalar da kanku? Mun ari banki, mun ari kati, mun ari alat da transfa. A ce intaferabiliti kawai a huta."

Ƙanena, ban ƙi aro ba, rabin kalmomin aljihuna na aro ne. Amma duba waɗanda ka lissafa: gajeru ne, kuma abubuwa ne da hannu yake taɓawa ko kunne yake ji. Alat ƙara yake yi a waya. Wannan kuwa gaɓa bakwai ce ko takwas, kuma ba a ganinta. Sannan akwai matsalar da ba ka hango ba don kana Kano. Kai za ka aro daga Turancin Ingila, ɗan Damagaram zai aro daga Faransanci, kamar yadda kake cewa ofis yana cewa biro. Sai mu tashi da kalmomi biyu da ba sa gane juna, a kan maganar da gaba ɗayanta ta gane juna ce.

Kuma na fahimci dalilin da ya sa 'yan Nijeriya da yawa a nan suke ganin abin bai kai a yi masa zare ba. Tun 2011 da NIBSS, kamfanin da ke haɗa bankunan Nijeriya wajen biya, ya kawo tsarin turawa nan take, mutum yana tsayawa gaban mai POS a bakin titi ya tura daga kowane banki zuwa kowane banki, kafin ya mai da kati aljihu alat ya shiga. Wanda yake da abu ba ya neman sunansa. Amma ku gwada tura naira ta faɗa asusun wani a Maraɗi, ku ga ko ba za ku ƙare a Wapa ta Kano wurin 'yan canji ba. Wannan ma wata magana ce daban, don a can kuɗin ne suka bambanta. Tamu ta fi ban haushi, kuɗi ɗaya ne hanya ta toshe.

Shawarar da ta fi tsayar da ni ta wata malamar Hausa ce daga Zariya. Ta ce: "Malam, ka duba gidan su soyayya da ƙiyayya da jayayya da cinikayya da auratayya. Hausa tana da ma'aunin da take ƙera sunan abin da ake yi wa juna. A nan za ka samu. Ni dai na ba da jiyayya, tunda na'urori ne suke jin juna."

Malama, Allah ya ƙara sani, kin buɗe ƙofar. Na kwana ina juya jiyayya. Ta ɓangaren na'ura ta yi daidai, don lallai sai kwamfutar wannan banki ta ji abin da ta wancan take faɗa. Inda ta ba ni matsala shi ne kunnen mai sauraro. Idan aka ce a rediyo "babu jiyayya tsakanin bankunan Nijar da na Togo", kawuna zai ɗauka faɗa suka yi, ya tambaya wa ya zagi wa. Jiyayya da jituwa na zukata ne, sun riga sun yi gida a can.

Da na shiga gidan da kika nuna, kalmar farko da ta zo mini ita ce wadda za a ƙera daga biya. Biyan juna, me ya fi wannan dacewa da tsarin biyan kuɗi? Na rubuta ta a takarda sai na fashe da dariya ni kaɗai: biyayya. Bi ta riga biya zuwa wurin, ta shimfiɗa tabarma tun kaka da kakanni. Ka ce "babban banki ya wajabta biyayya tsakanin bankuna", kowa zai gyaɗa kai, kuma ba wanda ya gane abin da kake nufi.

Sai na bar littafi na koma kasuwa. Me mutum yake tambaya idan ya tsaya gaban mai shago ba tsabar kuɗi a jikinsa? "Kuna karɓar transfa?" Me mai shago yake cewa idan kati ya ƙi? "Na'urar ba ta karɓa ba." Me aka ce wa dillalin kawu? "Ba ma karɓa daga wannan layin." Kalmar tana bakin mutane tuntuni. Tura kuɗi bai taɓa zama matsala ba, kowane kamfani yana so ka danna tura. Ƙofar da ake rufewa ta mai karɓa ce.

'Ya'yan karɓa da muke da su duk an yi musu miji. Karɓuwa ta gefe ɗaya ce, waƙa ta samu karɓuwa, ɗan takara ya samu karɓuwa. Karɓa-karɓa ta tafi siyasa. Karɓeɓeniya kuma ta yi-in-yi ce, wannan ya sauke wancan ya ɗauka. Saura ɗaya da ban ji an sa wa rana ba: karɓayya. Ni in karɓi naka, kai ka karɓi nawa, kowa yana gidansa.

Ku gwada ta a baki. "Babban banki ya wajabta karɓayya tsakanin bankuna da kamfanonin kuɗin waya." "Har yanzu babu karɓayya tsakanin layin nan biyu." "Dandalin karɓayya na ƙasashen sefa." Ni dai harshena bai yi tuntuɓe ba.

Wani ya tambaya, kuma tambaya ce mai kyau, ko ba "kuɗin bai-ɗaya" da muke da ita ta wadatar ba. Ba ta wadatar ba, kuma labarin Turai ne ya fi nuna haka. Yuro ta fara aiki a littattafan banki a 1999, takardunta da sulallanta suka fito ranar 1 ga Janairun 2002 a ƙasashe 12. Mutum ya iya sayen burodi a Paris da takardar da aka ba shi a Madrid. Amma tura kuɗi daga asusun Faransa zuwa na Sifaniya ya ci gaba da zama aikin ƙasar waje, don kowace ƙasa da irin lambar asusunta da tsarin bankunanta. Tun a Disambar 2001 sai da aka yi doka cewa ladan biyan yuro zuwa wata ƙasar Tarayyar Turai kada ya wuce na cikin gida. Tsarin SEPA, wanda ya mai da yankin kamar ƙasa ɗaya wajen biya, bai soma ba sai Janairun 2008. Bankuna suka yi ta jan ƙafa, har aka kafa dokar 2012 da ta sa wa'adin Fabrairun 2014 a bar tsofaffin tsare-tsaren gida, wa'adin ma sai da aka ƙara masa wata shida. Turawa ta nan take, cikin daƙiƙa goma, ta zo a Nuwambar 2017, ita ma da farko ganin dama ce, sai a 2024 aka yi dokar da ta tilasta wa bankuna ita, ta kuma hana su cajin fiye da na turawar yau da kullum. Ku lissafa daga 2002.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a labarin shi ne wani laifi da har suna suka ba shi. Kowane asusu a can yana da lambar IBAN, wadda take farawa da haruffa biyu na ƙasa, DE na Jamus, FR na Faransa. Sai ka ga kamfanin wuta ko mai biyan albashi ya ce shi ba zai yi hulɗa da lambar da ba ta ƙasarsa ba, alhali dokar 2012 ta hana hakan ƙarara. Na'ura ta ji, hanya a buɗe take, mutum ne ya ƙi karɓa. Da jiyayya muka ɗauka da ba mu da bakin faɗar wannan. Da karɓayya kuwa sai mu ce ya karya dokar karɓayya, magana ta ƙare. Sannan Birtaniya da Suwizalan da Norway suna cikin SEPA, kuma ba ɗayansu da ke kashe yuro a gida. Kenan ana samun kuɗin bai-ɗaya ba karɓayya, ana samun karɓayya ba kuɗin bai-ɗaya.

Ba sai mun je Turai ba ma. 'Yan uwanmu na Garwa da Njamena su ma sefa suke kashewa, ta babban bankin BEAC da ke Yawunde, ta ƙasashe shida. Darajarta ɗaya da ta yamma, kusan sefa 656 a kan yuro guda. Suna ɗaya, daraja ɗaya, amma tun 1993 aka daina fansar takardun da suka tsallaka daga wannan yanki zuwa wancan, don haka ɗan kasuwar Diffa da ya dawo da sefar Chadi sai ya nemi mai canji, a rage masa wani abu.

Wani dattijo da ya ce ya yi ritaya daga aikin banki a Yamai ya aiko da doguwar amsa, ga tsakiyarta: "Ɗana, kalmarka ta yi, amma kada ka sa mutane su ɗauka da ƙaddamar da dandali aka fara. Tun 2003 aka kafa GIM-UEMOA don katin wannan banki ya ci a na'urar wancan. A 2004 STAR-UEMOA ta fara aiki don manyan kuɗaɗe tsakanin bankuna, sannan ga SICA-UEMOA ta cek da ƙananan biya. Talaka mai kuɗi a waya ne aka bari a baya. Kuma a bayan karɓayyar taka akwai aiki biyu da su ma ba su da suna."

Ranka ya daɗe, na karɓi gyara, kuma zan sa wannan a fassarar. Aiki biyun da yake nufi su ne waɗanda Faransawa ke kira compensation da règlement. Na farko: a ƙarshen yini a duba, mutanen banki na ɗaya sun tura wa na biyu miliyan 10, na biyu sun tura wa na ɗaya miliyan 7, to ba sai an motsa miliyan 17 ba, cikon miliyan 3 kawai za a biya. Na biyu shi ne biyan cikon da kansa, a asusun da kowane banki yake da shi a babban banki, biyan da ba a dawowa a kansa. Wannan na biyun ban sha wuya ba, 'yan kasuwa sun gama mana aiki: sallama. "Na sallame shi." "An sallami kowa." Babu sauran bashi, babu sauran magana. Na farkon ne nake tsakanin "fidda ciko" da "tsai da lissafi". Na fi karkata ga fidda ciko don ta faɗi abin da ake yi, amma Baba, kai ka zauna a ɗakin, kai za ka raba gardama.

Dattijon ya ƙara da wani abu da ya dace a ajiye a nan. Ƙofar da doka ta buɗe, hukuma tana iya rufe ta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta dakatar da hulɗar kasuwanci da ta kuɗi da Nijar, ba a ɗage ba sai Fabrairun 2024. Sefar da ke aljihun mutane ba ta canza ba a watannin nan, hanyarta ce aka datse. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, amma suna nan cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashe takwas ɗin nan masu sefar yamma, shi ya sa dandalin na BCEAO ya haɗa da su.

Suka guda da ban gama amsawa ba ta wani mai aikin kwamfuta ce. Ya ce kalmar Turancin ba ta kuɗi kaɗai ba ce, ana faɗarta a kan bayanan asibiti da layin dogo da cajar waya, shin karɓayya za ta iya ɗaukar waɗannan? A caja dai ta ɗauka, don mun saba cewa waya ba ta karɓi caja ba. A bayanan asibiti ma ina jin za ta tafi. A layin dogo ne na ji ta ɗan yi nauyi. Ban damu sosai ba. Ni aikin kuɗi aka ba ni, idan masu jirgin ƙasa suka zo nasu zaren sai su nemi tasu.

Akwai kuma wanda ya ce kalmar ƙirƙira ce, ba a taɓa jin ta ba, mutane za su yi tsaye. Gaskiya ne. Shi ya sa a karon farko zan rubuta ta da jela: karɓayya, wato kowane banki ko kamfani ya karɓi kuɗin da aka turo daga ɗan uwansa. Bayan sakin layi biyu sai in sake ta ta yi tafiyarta ita kaɗai.

Ɗazu da magariba na yi gwajin da na fi yarda da shi, na buga wa kawu. Bayan gaisuwa na ce, "Kawu, idan ka ji an ce an kawo karɓayya tsakanin layinka da na dillalinka na Abidjan, me za ka fahimta?"

Ya yi shiru kaɗan, ina jin ana jan buhu a bayansa. Ya ce, "Wato in ya turo daga nasa, nawa zai karɓa, ba sai yaro ya je layi ba?"

Na ce haka ne.

Ya ce, "To madalla. Nawa za su cire?"

Na miƙa fassarar da karɓayya da sallama a ciki. Fidda ciko na sa mata alamar tambaya a gefe, ina jiran Baba na Yamai.